Da'irar Lamba Sittin da Uku

Aikina ba wuya gare shi ba, haƙuri yake ci. Ana kawo min yankin jijiya siriri kamar ɓawon albasa a kan gilashi, in ɗora shi a na'urar Raman, in haska masa leza. An tace hasken ta yadda yake bin layi ɗaya tak. Sai in juya gilashin digiri goma in auna, in ƙara goma in auna, har ya zagayo. Idan zaruruwan kolajin da suka haɗa jijiyar suna kwance a jere, amsar hasken takan hau ta sauka, kwamfuta ta zana siffa mai tsukakken ƙugu kamar gyaɗa. Idan a hargitse suke, duk inda na juya amsa ɗaya ce, sai ta zana da'ira. Gyaɗa lafiya, da'ira matsala. Iyakar sanina ke nan, kuma na ɗauka ya ishe ni.

Da na yi wa Baba bayani, dariya ya yi. Tela ne, shekara arba'in yana taka keken ƙafa.

"Uwata, ashe duk karatun nan tsayen yadi da kwancensa kike dubawa? Ai ni da yatsa nake ganewa, ba sai an kunna min fitila ba."

Agararsa ta hagu, jijiyar bayan dunduniya, ta tsinke ne ranar da ya zame a matakalar shago. Aka ɗinke, aka sa masa siminti, bayan sati shida aka cire. Mai gashin ƙashi ya ba mu takarda mai zane-zane, ya ce kullum a motsa ƙafar kaɗan-kaɗan, a riƙa ja da roba, a fara takawa. Ranar farko da muka gwada na ga hawaye a idon Baba, mutumin da ko a jana'izar Inna bai bari na ga hawayensa ba. Na ninke takardar na cusa ƙarƙashin katifa. Ita ma Inna faɗuwa ta yi, ba ta ƙara tashi ba. Na rantse ba zan binne biyu saboda gaggawa ba.

Na kulle shagon, na jefa makullin a jakata. Na ɗora sandunansa a saman durowa. Mai gashi ya kira har sau uku, na ce masa mun gode. Wani lokaci sai in shigo ɗaki in ga bargo yana motsi, ƙafar Baba tana taka keken da babu. In danne ta da hannu, in tokare da filo biyu.

"Baba, don Allah ku bari. So kuke ta sake tsinkewa?"

"To, hukuma. Na bari."

Wata huɗu muka yi a haka. Ina alfahari da kaina, ban ɓoye ba. Rannan ina wurin aiki ya lalubo makulli na biyu da ke ajiye a gida, ya dogara bango har shago. Taku bai fi ashirin ya yi wa keken ba jijiyar ta sake tsinkewa.

A tiyata ta biyu aka nemi izininsa a ɗebi ɗan yanki don bincikenmu, ya sa hannu yana tsokanata wai zai kawo min ziyara ofis. Gilasan da ke zuwa hannuna ba su da suna, lamba ce kawai, sai shekaru da ɓangaren jiki da kwanan wata. Safiyar Laraba na ɗauko sittin da uku. Namiji, shekara sittin da huɗu, agarar hagu, sha ɗaya ga wata, ranar tiyatar Baba. Na tsaya riƙe da gilashin har sanyin ɗakin ya shiga yatsuna.

Na ɗora. Digiri goma, ashirin, talatin. Amsar ba ta hau ba, ba ta sauka ba. Na ce ƙila na'urar ce ta rikice, na sa jijiyar gwaji mai lafiya, ta zana min gyaɗa tsaf. Na mayar da sittin da uku, na canza wuri har sau biyar. Da'ira biyar, kamar an kifa kofi an zagaye.

Likitar da ke jagorantar binciken ta shigo da kofin shayinta. Mace ce mai kirki, amma in tana gaban sakamako takan manta cewa daga jikin mutum aka yanko shi. Ta leƙa allon ta yi tsaki.

"Kin ga wannan? Ki adana min shi, da shi zan koyar. Ba a taɓa motsa ƙafar nan ba."

"Ba ciwon ne ya yi tsanani ba, Likita?"

"Ina! Sabon zare ba ya sanin inda zai kwanta sai an ja shi. Jan ne ke jera shi. In aka bar shi kwance sai ya cukurkuɗe kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi, ya yi kauri ba ƙarfi. Wani ne ya ɗaure bawan Allah a gado, wai shi tausayi."

"Zai iya komawa aiki? In aikin na ƙafa ne?"

Ta ɗaga kafaɗa. "A wannan shekarun, bayan ɗinki biyu? In ya kai kansa banɗaki ba sanda, a gode wa Allah."

Shekara biyu ina auna jeren zare, ban taɓa tambayar abin da ke jera shi ba. Kunya ta kama ni, sannan wani abu da ya fi kunya nauyi.

Da azahar na tafi asibiti wajen Baba da takardar mai gashin ƙashi a jaka, kusa da makullin shago. Na yi niyyar faɗa masa komai. Na tarar yana ba maƙwabcin gadonsa labarina.

"Ga ta nan. Wata huɗu ko taku ɗaya ba ta bari na yi ba. Wa ke da 'ya irin wannan?" Ya kamo hannuna, muryarsa ta yi ƙasa. "Uwata, ni na ɓata miki aiki. Da na ji maganarki na ƙara kwanciya, da yanzu ina kan keke. Ki yafe min."

Yana kallona yana jira, tsoho mai furfura yana neman gafarar 'yarsa.

"Na yafe, Baba," na ce.

Ya yi ajiyar zuciya ya lumshe ido. Can sai na ga bargo yana motsi a hankali, ƙafar dama ce, mai lafiyar, tana taka kekenta ita kaɗai. Kafin in ankara hannuna ya riga ya danne ta.