Ƙurajen Saiwa

Magana ta zaga gidan hayar cewa itacen Malama ne ke kashe tumatirin tela. Wai mai gyaran famfo ya ga saiwarsa cike da ƙuraje ranar da ya haƙa rami. Kafin azahar mai gidan ya aiko a sare shi.

Malama ta tsufa tana koyar da kimiyya, ba ta taɓa ba “wai” maki ba. Amma wannan itacen daban yake a wurinta. Mijinta ne ya dawo da ƙwayoyin irinsa a aljihu, ya binne su ƙarƙashin taga, ya rasu bai ga furensu ba, bai kuma gaya mata ko mene ne ba. Ita ta yi ta bin itacen da ido har ta gane danginsa: ganye uku-uku, fure rawaya mai jan zane a baya, kwanso mai gashi-gashi. Ɗan'uwan wake ne, sai dai ya ɗara mutum tsawo.

Ta ɗauki tabarau da wuƙar kicin ta ƙwanƙwasa wa tela. Ya fito da tef a wuya, yana rantsuwa ba shi ya fara ba, matarsa ce ta jiyo a bakin famfo.

“Ɗana, ba shari'a na zo ba,” in ji ta. “Gwiwata ta ƙi, kai za ka haƙa. In itacen ne, da hannuna zan miƙa maka gatari.”

Ya haƙa. Ƙurajen na nan kuwa, jere kamar duwatsun wuya. Tela ya kawar da kai don kada su haɗa ido. Malama ta murza ɗaya, ya ɓalle ya bar saiwar lafiya. Ta tsaga shi, cikinsa ja-ja kamar ɗanyen nama. Sau nawa ta zana wannan abu a allo da alli, ba ta taɓa riƙe shi a hannu ba sai yau.

Ta sa ya tuge mataccen tumatiri. Tasa saiwar ta kumbura ne gaba ɗaya, kamar yatsunta lokacin sanyi, murza ba ta cire komai. Sai ta nuna ragowar dashen da ya sayo a kasuwa, waɗanda ke cikin gwangwani a kan tagarsa, ba su taɓa ƙasar gidan ba. Ya tuge ɗaya. Kumburin na nan.

“Mama, ashe ɓarawon na ɗakina, muna ta ihu a waje.”

Ba ta sa shi ba, ya durƙusa ya mayar da ƙasa a kan saiwar da tafinsa, ya kawo ruwa ya zuba. Ta sa masa albarka, ta dafa reshen itacen ta sa wa mijinta mai aljihun ma.

Cutar a gwangwani ta zo daga kasuwa. Ƙurajen itacen kuwa taki suke tara wa ƙasa.