Batirin Kunnen Kafinta

Auta ta sayo wa mahaifinta, Kafinta, sabon abin ji mai caji.

Da hantsi ta kawo shi, ta same shi a ƙofar ɗaki yana feƙe ƙafar kujera. Ƙarar injin yanka katako ce ta cinye masa kunnuwa tun yana da ƙarfinsa. Wanda yake sawa yanzu mai batir ne, batirin kuwa bai kai maɓallin riga girma ba.

"Baba, wannan ba ruwanka da canjin batir," in ji Auta da ƙarfi. "In za ka kwanta ka sa shi a akwatinsa, ka tashi ya cika, ya kai ka har dare."

"Daina ihu, ina ji. Wuni ɗaya ke nan. Nawa mako yake yi."

"Amma ba ya sallama in zai mutu. Ran nan a gaban likita ya ɗauke, kana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare."

Kafinta ya harare ta. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai abin ya yi 'yar ƙara a kunnensa, ya mutu. Bakin Auta na motsi, ba ya jin komai. Ya ajiye wuƙa, ya shiga ɗaki, ita ma ta biyo shi.

Inna, matar Kafinta, na zaune a bakin gado. Tun da ciwo ya shanye mata ɓarin hagu aka raba ta da murhu, aka raba ta da tsintsiya, ko ɗankwali sai an ɗaura mata. Wuni take tana kallon taga. Aiki ɗaya ya rage mata a gidan, yana cikin gwangwanin batirin da ke ƙarƙashin matashinta.

Yatsun Kafinta duk sun yi kanta, ba sa iya tsintar batir. Ita kuma hannu ɗaya gare ta. Don haka tare suke yi. Ya zauna kusa da ita, ya buɗe 'yar ƙofar abin, ya riƙe. Ta danne sabon batir a gwiwarta, ta ɓare takardar bayansa da farce, ta bar shi ya sha iska, don in an sa shi nan take ba ya jimawa.

A wannan jiran take amayar da duk abin da ke ranta, tunda ba ya ji. Shi kuwa bakinta yake kallo. Ya gane "taurin kai", ya gane "tsohon banza". Bai taɓa nuna mata yana ganewa ba.

Ta saka batirin, ya rufe, ya maƙala a kunne.

"Ka ji ni, kurma?"

"Da ban ji ba ya fi mini."

Ta yi dariya da rabin bakinta. Sai idonta ya faɗa kan sabon akwatin da ke hannun Auta.

"Mene ne wannan?"

Auta ta yi mata bayani tiryan-tiryan. "Kin huta ke nan, Inna. Ba ke ba tsintar batir."

"To, madalla," in ji Inna. "Dama na gaji da shi."

Ta miƙo gwangwanin. Auta ta kama, amma yatsun tsohuwar ba su saki ba. Fuskarta ta koma wajen taga.

Kafinta ya zare gwangwanin daga hannunsu, ya mayar da shi ƙarƙashin matashi, ya daddanna.

"Baba, ko gwadawa ba ka yi ba. Wannan ya fi naka komai da komai."

"Na sani."

"To, kawo kunnen."

"Allah ya yi miki albarka," in ji Kafinta. "Mayar musu da kayansu. Ba zan sa ba."