Ginshiƙin da Ya Girmi Kowa

Ƙanwata Mastura tun tana rarrafe take da taurin kai, kuma karatun boko bai rage mata komai ba, hujja ma ya ƙara mata. Ni Kalsum burodi nake sayarwa a bakin layin dogo a Agege, ita kuwa malamar kimiyya ce a makarantar al'umma da Alhaji Sanda ya gina. Duk gidanmu ita kaɗai ta taka jami'a, kuma aikin nan shi ne ranta. Idan ta rataya makullin ɗakin gwaji a wuya da safe, har tafiyarta canzawa take yi.

Alhaji Sanda shi ne shugaban 'yan goro, shi ne kuma mai makaranta, shi ke ɗauka shi ke kora. A shekarar dubu biyu da ɗaya, bayan soja sun koma bariki kowa ya sami bakin magana, wasu masu cewa filin na kakanninsu ne suka taso da batun tsohuwar rumfar goro. So suke a rushe ta a yi tashar motocin haya na danfo. Hujjarsu ita ce mu baƙi ne, jiya-jiya muka sauko daga jirgin ƙasa. Maganar ta yi wa kowa ciwo, har da ni da aka yanke wa cibiya a bayan rumfar.

A tsakiyar rumfar akwai wani ginshiƙi na itace, baƙi wuluk, mutum ɗaya ba ya iya rungume shi. Babu wanda ya san ranar da aka kafa shi. Da Khamisu, ɗan Alhaji mai karatun kasuwanci a Ingila, ya zo hutu, sai ya sa wuƙa ya ɓanɓaro ɗan guntu daga jikinsa, ya ƙulle a leda ya tafi da shi. Ya ce a can akwai masu na'urar da ke faɗin shekarun itace. Bayan wasu watanni ya bugo waya: ginshiƙin ya shekara dubu biyu da ɗoriya.

Ranar Agege ta ɗauka. Mahauta suka bar nama suka zo kallo, 'yan okada suna ta hon. Tsofaffin da ba su iya tuna sunan kakan kakansu ba suka shiga ba da labarin yadda aka riƙa ɗaure huhun goro a wurin tun kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Ni ma, tsakani da Allah, na yi guɗa. Alhaji ya aiko wa Mastura cewa ranar Asabar za ta tsaya gaban jama'a ta bayyana yadda na'urar ke aiki, ranar Litinin kuma ta bi tawaga zuwa ƙaramar hukuma ta maimaita da Yarbanci da Turanci.

Da yamma ta zo teburina fuska a murtuke. Ko gaisuwar kirki ba ta yi ba ta ɗauki burodi ɗaya ta raba shi biyu.

Na ce, "Idan kimiyyar ce ke sa a yaga kayan mutane, ki koma da ita makaranta."

"Yaya, ki saurare ni," in ji ta. "Ni da ke da burodin nan, duk an gina mu da wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Cikinsu akwai kabon, shi ne baƙin da kike gani idan burodi ya ƙone. Yawancinsa a zaune yake lafiya lau. Amma akwai ɗan kaɗan, mai lamba goma sha huɗu, da ba ya iya zama, a hankali yake rushewa yana komawa wani abu dabam. Muddin itace yana raye yana ɗibarsa daga iska. Ranar da aka sare shi, shiga ta tsaya, sai raguwa."

Ta ajiye rabin burodin gefe. "Bayan shekara dubu biyar da ɗari bakwai da ɗoriya, rabi ya tafi." Ta sake raba wanda ke hannunta. "Bayan wasu kamarsu, rabin rabin ya saura. Masu gwaji suna duba abin da ya rage, su lissafa yaushe itacen ya mutu."

"To ai sun duba. Ke mene ne naki?"

"Yaya, me Baba yake yi wa ginshiƙin nan duk farkon damina?"

Sai na tuna. Mahaifinmu marigayi Malam Alu shi ne mai gadin rumfar har ya bar duniya. Da zarar hadari ya fara haɗuwa, sai ya je garejin makanikai ya roƙo baƙin mai, wanda aka juye daga injin mota, ya shafe ginshiƙin tun daga sama har ƙasa don kada gara ta ci shi. Mai gadin da ya gabace shi ma haka yake yi. Ni ke riƙe gwangwani, Mastura ke miƙa tsumma.

Ta ce, "Mai daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, ya yi miliyoyin shekaru a can. Kabon ne cike da shi, amma mai lamba goma sha huɗun ya ƙare ƙaf. Khamisu ɓawon waje ya ɓanɓara, wanda ya jiƙu da mai shekara da shekaru, kuma bai gaya musu su wanke ba don bai sani ba. Itace gauraye da mai suka auna. Kamar ki tsuga ruwa a kunu ne, sannan ki ce gero ya yi kaɗan."

Na tambaye ta ko ta gaya wa Alhaji. Ta ce tun da safe ta je har zaurensa, ta roƙe shi a huda ginshiƙin a ciro daga tsakiya inda mai bai kai ba, a sake aikawa. Ya ce mata Turawa sun auna, ita ce za ta fi su?

A nan na shiga lallashi, abin da ban iya ba. Na ce ta dubi Allah ta dubi aikinta. Na ce mutanen nan an zage su ne, an ce ba su da asali, yanzu sun sami abin riƙewa, ta bar su da shi. Na ce, "Abeg, don Allah ki faɗa musu abin da suke so. Wa zai sani?"

"Ajina zai sani, Yaya. Makon jiya na koya musu wannan darasin."

Na harare ta, ta harare ni, ta kwashe yagaggen burodin ta yi gaba tana ci. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa. Na san Alhaji Sanda, mutumin kirki ne ƙwarai muddin ba a ce masa a'a ba.

Asabar da hantsi filin makaranta ya cika, maza a kan benci da tabarmi, mu mata a gefen katanga, ɗalibai sun leƙo ta tagogi. Alhaji ya sha babbar riga, ya yi jawabi mai tsawo a kan wulaƙancin da aka yi mana, kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Sannan ya ce, "Ga 'yarmu Malama Mastura, za ta gaya muku abin da ilimi ya tabbatar."

Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta gaishe da iyaye yadda ya kamata. Ta yi bayanin kabon da rabi da rabin rabi, tsofaffi suna ta gyaɗa kai kamar sun daɗe da sani. Daga nan ta ce, "Baba Alhaji, na'urar ba ta yi ƙarya ba, abin da aka ba ta ta auna. Amma abin da aka ba ta ya sha baƙin mai. Ginshiƙin nan bai shekara dubu biyu ba. Nawa ya shekara, ban sani ba, sai an sake gwadawa."

Sai hayaniya ta ɓarke. Wani ya ce an saye ta. Wani ya ce dama boko haka yake mayar da mace. Alhaji ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"'Yata," ya ce a hankali, "waɗancan sun ce ba mu da tushe a garin nan. Ke ma abin da kike cewa ke nan?"

"A'a, Baba Alhaji. A nan aka haife ni, uwata da ubana suna kwance a maƙabartar garin nan. Ba na buƙatar shekara dubu biyu kafin in ce Agege garina ne. Wanda ya ce in tashi, ya zo ya ɗaga ni. Ranar Litinin zan bi ku in faɗi wannan da kowane yare kuke so. Amma ba zan ce itace ya yi shekarun da bai yi ba."

Alhaji ya sha mur. Ya juya wajen jama'a ya ce, "Ni ban taɓa ganin an shafa wa ginshiƙin nan komai ba. Baƙinsa na tsufa ne. Akwai wanda ya gani?"

Na dubi benci na gaba. Mutanen da suka sha tsokanar Baba suna ce masa ya zama makanike, waɗanda mansa ya sha ɓata wa riga, duk suka sunkuyar da kai. Wannan ne ya ƙona mini rai. A ce bawan Allah ya yi rabin rayuwarsa yana hana gara cin rumfarsu, yau a shafe shi kamar bai taɓa zuwa duniya ba. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ni na gani, Baba Alhaji," na ce. "Ni ce mai riƙe gwangwanin. Kuma kai ne kake ba shi tsohon rawaninka ya yi tsumma."

Wata mata ta ja mini zane in zauna, na fizge. Alhaji bai ko dube ni ba. Ya miƙa hannu ga Mastura ya ce ta ba shi makullin ɗakin gwaji. Ta cire igiyar daga wuyanta, ta rusuna, ta ba shi da hannu biyu. Idonta ƙam. Sai da muka shiga ɗakina ta kifa kai a cinyata ta yi kuka mai isarta.

Litinin tawaga ta tafi ƙaramar hukuma ba ita. Abin da suka faɗa a can ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Da safen nan hadari ya haɗu ta wajen Ikeja, na farkon shekara. Ina jera burodi sai ga Mastura da gwangwani cike da baƙin mai daga gareji.

"Tun rasuwar Baba ba wanda ya shafa," in ji ta. "Na ga gara ta fara gini a gindinsa."

Na rufe teburina da leda na bi ta. A gaban 'yan goro, suna kallo, ta naɗe hannun riga ta fara shafawa tun daga ƙasa, ni ina riƙe da gwangwani. Can sai ga 'yan matan ajinta za su wuce makaranta. Suka tsaya cirko-cirko a bakin rumfa, suka ce, "Malama, ina kwana."

Ba ta juyo ba. Mai har gwiwar hannu, ta ce, "Idan rabi ya tafi, rabin abin da ya saura ma ya tafi, shekara nawa ke nan?"

Suka fara lissafi da yatsu. Daga makaranta aka kaɗa ƙararrawar shiga aji, aka sake kaɗawa, babu wadda ta motsa.