Hoton Ɗantsoho Ya Ƙone a Kano

Zayyad bai iya ɗaukar hoto kamar Reuben ba, kuma shi ma ya san haka. Shagunansu na kallon juna a bakin tashar Gumel. Reuben mutumin Filato ne, ya zo garin tun kafin a yi Jihar Jigawa, kuma duk tallarsa wani allo ne da rana ta cinye rubutunsa. Zayyad yakan dubi allon nan ya taɓe baki. A ganinsa yanzu kai ya waye, mai neman ciniki sai ya shiga kunnen mutane.

Sai ya faɗa rediyo. A lokacin filin gaishe-gaishe ke tashe: ka sayi kati, ka jera sunayen waɗanda kake gaisarwa, a karanta duniya ta ji. Zayyad ya riƙa sayen kati kamar goron biki, yana gaishe da mutanen da ko karo suka ci a hanya ba zai gane su ba. Su ma suka riƙa ramawa. Kafin damina ta fita, daga Maigatari har Gagarawa babu mai rediyon da bai san "Zayyad Mai Hoto, ɗauka ɗaya tak" ba.

Sunan ya jawo mutane, ba ƙarya. Sai dai abokan gaisuwa ne, su cika masa shago, su shanye masa shayi, sannan su gyara hula su ce a ɗauke su na zumunci. Babu mai kai hannu aljihu. Zayyad ya tsane su tsana mai tsanani, a ransa ƙauyawa yake kiransu, amma ba ya iya korarsu, don da bakinsu sunansa ke yawo. Sai ya samo dabara irin ta ƙananan mutane: ya cire fim daga kyamara, ya bar filasha. Haske na walƙawa kowa ya washe baki ya tafi. Wanda ya dawo karɓa sai ya marairaice fuska ya ce, "Ya ƙone wajen wanki a Kano." Kano ta sha zagi a shekarar nan, ba ta ji ba ba ta gani ba.

Cikin masu gaishe shi babu kamar Ɗantsoho, wani tsohon manomi daga ƙauyen Sule Tankarkar wanda ko a gona rediyonsa na rataye a wuya. Wata rana ya iso shagon da babbar riga mai ƙanshin adaka, matarsa Yelwa na biye da shi.

"Ɗana, tunda nake ba a taɓa ɗauka ta ba," in ji tsohon. "Ka ɗauke ni da rediyon nan, jikoki su san kakansu."

Ya zauna ya miƙe wuya, ya ɗora rediyon a cinya, ya ƙi ko ƙifta ido. Zayyad ya danne dariya, ya walƙa masa haske, ya ce ya yi kyau. Tsohon ya yi ta sa masa albarka har bakin titi.

Ana gama girbin gero Ɗantsoho ya rasu. Da Yelwa ta fita takaba ta hau mota ta zo Gumel karɓar hoton.

"Ayya Inna, ya ƙone a Kano."

"To ba ni ƙonannen," in ji Yelwa. "Reuben ya ce ko hoto ya ƙone, dodonsa da ake wankowa daga fim na nan. Ba ni shi haka."

Zayyad ya birkita akwati na ƙarya, ya ce ta dawo. Ba ta dawo ba. Marigayin ya bar ragowar katunan gaisuwa, ta riƙa sawa ana rubuta mata ɗaya bayan ɗaya. Ba zagi, ba gori. Mai karantawa dai zai ce, "Yelwa matar marigayi Ɗantsoho na gaishe da Zayyad Mai Hoto, ta ce tana jiran hoton Malam." Daga nan abokan gaisuwa suka fara tambayar juna, sai ga shi hoton kowa ya ƙone. Ba a daɗe ba aka fara jin katin "waɗanda hotonsu ya ƙone a Kano suna gaishe da Zayyad." Ya daina kunna rediyo a shago, amma mai shayin maƙwabtansa bai daina ba.

Tsoro ya kama shi, don in aka cire sunan nan babu abin da ya mallaka. Da ya ji ƙungiyar masu gaishe-gaishe za ta taru a Gagarawa Tasha don yi wa Ɗantsoho addu'a, sai ya ga mafita. Ya sayi fim mai kyau ya ɗura, ya tafi tun da hantsi. Ya ɗauki shugaban ƙungiya, ya ɗauki malamai, ya durƙusa ya tashi har rigarsa ta jiƙe. Bai taɓa aiki da gaske irin na ranar ba. Nufinsa ya wanke, ya raba kyauta, a koma yabonsa.

Ya tara kowa don hoton ƙarshe ke nan, Yelwa ta taso daga cikin mata ta tsaya gabansa.

"Buɗe mu gani."

"Inna, akwai fim. Na rantse akwai."

"To buɗe."

"In na buɗe haske ya shiga, duk abin da na ɗauka yau ƙonewa zai yi."

"Ai ka saba," in ji Yelwa.

Babu wanda ya yi dariya. Ya dubi shugaban ƙungiya ko zai sa baki, shugaban ya harɗe hannu. In ya ƙi buɗewa, gobe a rediyo za a ji cewa ranar addu'ar mamaci ma da kyamara fanko ya zo. Ya ɓalle murfin a tsakiyar ranar azahar. Ga fim nan kuwa a naɗe, kowa ya leƙa ya gani.

"Ashe yau akwai," in ji wani, kamar mai faɗin farashin gishiri.

Yelwa ba ta ko leƙa ba. Ta gyara mayafinta ta koma wajen zamanta.

Shugaban ƙungiya ya ce, "To madalla. Yaushe za mu zo karɓa?"

Zayyad ya dubi fim ɗin da rana ta gama cinyewa.

"Ya ƙone," ya ce.

Shugaban ya gyaɗa kai, ya juya ya tambayi jama'a ko akwai mai komawa Gumel, a faɗa wa Reuben ya zo taron gaba.