Ƙararrawar Gonar Kawa

Magana ɗaya likita ya yi ta nanata wa Narelle Petrakis har ta ji haushi: fuska ƙasa. Tantanin da ke can bayan idonta na hagu ne ya ɓanɓare, aka yi aiki aka mayar da shi, aka cusa 'yar kumfar iska a cikin idon don ta danne shi har ya kama. Iska kuwa sama take nema. In dai ana so kumfar ta tokare inda ya dace, sai Narelle ta wuni rub da ciki, ta ci rub da ciki, ta yi barci rub da ciki. Ba waya, ba kwamfuta, ko jarida ba a yarda ba.

Yayarta Gwen ta aro gadon tausa mai rami a wajen kai, ta kafa shi a falo kusa da taga. Duniyar Narelle ta koma katakon daɓe da abin da ya ratsa ta kansa. Da safe rana takan shimfiɗo a wurin, ta ja jiki a hankali, ta haye ƙafar kujera ta tafi. In jirgin ruwa ya yi kuka a kogin Derwent, sai ta ji kamar daga ƙarƙashin gidan ne. Maganin ciwon ma bai bar ta a farke sosai ba, bai kuma kai ta barci ba. Matar da ta yi rabin rayuwarta tana rubuta manhaja, yanzu haruffan da kansu suke zuwa su yi ta shawagi a kan katako, kamar ƙananan kifi a ruwa mara zurfi.

Wata ranar Talata da hantsi ta ga takalman roba masu taɓo sun tsaya a gabanta, safa ɗaya ja, ɗaya toka.

"Dez ne," in ji ta. "Babu wani babban mutum a garin Hobart da zai fito haka."

"Kai, tsohuwa, ashe idon na aiki," in ji Desmond Oakshott. Tun suna da baƙin gashi suke aiki tebur da tebur a wani ƙaramin kamfani da ke yi wa masu gonar kawa, wato abin ruwan nan mai ɓawo da ake kiwo a teku don ci, manhaja, kuma tun lokacin ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba.

Gwen ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Desmond, an ce kada ta yi aiki. Ka ciro kwamfutar nan, a ka zan fasa maka ita."

"Haba Yaya Gwen, dubiya na zo. Ga kek ma na kawo."

Yana jin ta koma, sai ya zame ya zauna a ƙasa, ya rage murya. "Relle, na shiga uku. Ƙararrawa ta ƙi kuka."

Ba sai ya yi mata dogon bayani ba. Kowace gona tana da na'urori a cikin ruwa masu auna gishiri. Manhaja takan tara abin da suka aiko, ta fitar da tsaka-tsakinsa. In ya gaza ashirin, ruwan sama ya koro dattin tudu cikin teku ke nan, sai ta aika wa mai gona saƙo ya dakatar da ɗibar kawa. A makon da ya wuce an tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kowace gona ta sami saƙo, ban da ta wata mata, Maureen Tibbs, can kudu. Allah Ya so ita ma ranar ba ta fita ɗiba ba.

"Ka sake bi da lambobin ranar ta cikin manhajar?"

"Na bi. Ihu take kamar an taka mata wutsiya. Amma a ranar, shiru."

"Ba abin da ya ɓace?"

"Na'ura ɗaya ta bar gurbi, ba ta aiko komai ba. Wannan kuwa mun daɗe da maganinsa, tsallake shi ake yi. Ke kika rubuta wurin ma."

"To karanto mini."

Ya karanta mata daga wayarsa, layi bayan layi, har da baka da waƙafi, cikin raɗa kamar mai ba yaro tatsuniya. Narelle ta lumshe ido. Ta ga layukan suna jeruwa, kowanne ya zama ɗaki mai ƙofa, ita kuma tana ratsawa ba takalmi. Ba ta ga laifin ko ɗaya ba. Kafin ya kai ƙarshe Gwen ta shigo da miyar kabewa a kofi da bututun zuƙa, ta kore shi.

Da la'asar ruwa ya sake saukowa, siriri, yana taɓa kwanon rufi. Narelle tana jin Gwen a baranda tana zagin dabbar da ta cinye mata furanni, sai muryar ta yi nisa. Katakon daɓe ya yi laushi, ya zama ruwa kore mai haske. Ta nutse ba tare da tsoro ba, ta wuce kwandunan kawa da ke reto a jikin igiya, ta sauka a kan yashi. A can ta tarar da wata ƙofa tsaye ita kaɗai ba bango, da wani dattijo mai gadi riƙe da ƙararrawa. Lambobi sun yi layi, kowace da jikin mutum. Talatin da biyu ta zo, ƙatuwar mace mai fara'a.

"Kin gaza ashirin?" in ji mai gadi.

"A'a."

"Wuce."

Haka suka yi ta wucewa. Can sai ga wani baƙo cikin doguwar rigar ruwa, fuskarsa kamar gilashin da aka hura wa numfashi. Duk lambar da ya goga a layi, sai ita ma fuskarta ta shafe.

"Ka gaza ashirin?"

"A'a."

"Wuce."

Narelle ta sha gaban baƙon. Magana a cikin ruwan ba ta yi mata wuya ba. "Tsaya, bawan Allah. Ka fi ashirin?"

"A'a."

"To ashirin ne kai cif?"

"A'a."

Ya amsa ne a natse, ba gardama, ba ƙarya a muryarsa. Tausayinsa ya kama ta, ba ta san dalili ba. Ta ce, "To kai ɗin, kai ne?"

"A'a," in ji shi, ya ratsa ƙofar ya tafi, mai gadi bai ko motsa ƙararrawa ba.

Ta farka da yawu a gefen baki. "Yaya! Kira mini Dez!"

"Sai gobe," in ji Gwen. "Ko gidan ne ke cin wuta."

Washegari ya zo da safa iri ɗaya, abin da ya ba ta mamaki. Ba ta bari ya zauna ba.

"Gurbin nan ba gurbi ba ne. Na'urar takan yi awo biyu, mu raba ɗaya da ɗaya, ko ba haka ba? To wani abu ya toshe ta, duka biyun suka zo sifili. Sifili a raba da sifili."

Dez ya saki wani dogon tsaki. "Ba-lamba-ba."

"Shi fa. Yaren kwamfutar nan ba ya tsayawa ya ce an yi kuskure, sai ya miƙo maka abin da ya kira ba-lamba-ba, ya ci gaba da harkarsa. Ka tara shi da sauran, duka sun zama shi. Ka tambaye shi ko ya gaza ashirin, ya ce a'a. Da aka zo ajiyewa kuma, ma'ajiyar bayanai ba ta san shi ba, sai ta bar wurinsa fayau. Kai ka dawo ka ga gurbi, manhaja ta tsallake, ta yi maka ihu."

"Wallahi wanda ya tsara wannan abu a mashaya ya tsara shi."

"Ba ruwan mashaya. Abin da ba a san ko nawa ne ba, ta yaya za a ce ya yi daidai da wani abin da ba a sani ba? Gaskiya ya faɗa. Mu ne muka yi tambayar banza."

"Ji ta! Yaren da lamba ba ta daidai da kanta, shi kike karewa?"

"Juya tambayar kawai. Kada ka ce in ya gaza ashirin a yi kuka. Ka ce a yi ta kuka sai in an tabbatar ya kai. Sa'an nan ka tare shi tun daga bakin ƙofa: duk abin da ka gwada da kansa ya ce a'a, shi ne."

Ta ji yana taɓa waya, yana gunaguni. Bayan ɗan lokaci ya daina. Takalmansa suka matso kusa da juna, suka rabu, suka sake matsowa.

"Relle, akwai wata magana. Gara in faɗa yanzu da ba kya iya kallona." Ya gyara murya. "Na ajiye aiki. Ƙarshen bazara zan koma yankin Huon, gonar tuffa ta mahaifina. Ƙanena ya gaji, ni ma idona ya gaji da allo. Da na ga abin da ya same ki, sai na ce me nake jira."

Narelle ta buɗe baki ta yi masa ba'a, ba'ar ta ƙi zuwa. Ta ga ɗigo ɗaya ya faɗi a kan katako, wani ya biyo shi. Mai kwance rub da ciki hawayensa ba ya bin kumatu, kai tsaye yake sauka. Dez ya ga ɗigon, ya sa tafin takalminsa ya rufe.

"Kai da ba ka iya rayar da furen tebur ba," in ji ta daga baya. "Tausayin itatuwan nake ji."

"Za ki zo cin tuffa ai."

"In sun yi."

Da likita ya yarda ta ɗaga kai, sai da wuyanta ya yi kwanaki yana koyon aikinsa. Fitarta ta farko mai nisa, Gwen ce ta tuƙa su zuwa gonar Maureen Tibbs, Dez a baya yana ta surutu. Gari ya yi luf, teku kwance kamar faranti, hazo bai gama tashi daga kan tsibiran ba. Maureen, gajeriyar mace mai kakkauran hannu, ta ɗauke su a kwalekwalenta mai inji har inda na'urar take ɗaure a jikin turke. Ta jawo ta, ta kwance murfin bututun da ke jikinta, ta leƙa, sai ta tuntsire da dariya.

"Ku zo ku ga mai gidan."

Wata 'yar ƙaguwa ce, ba ta fi kan babban yatsa ba. Ta shiga tun tana ƙarama, ta yi girma a ciki, ta cika bututun da yashi da ɓawo. Ta ɗaga hannu ɗaya tana yi musu barazana.

"Ke ce kika hana ni sakat," in ji Dez, yana nuna ƙaguwar. "Maureen, a soya ta."

"A soya me? Ko haƙori ba za ta cika ba."

Maureen ta zazzage ta a tafin hannun Narelle. Ƙafafunta suka yi mata cakulkuli, sanyi ƙalau. Narelle ta sunkuya a gefen kwalekwalen, ta nutsa hannun cikin ruwa, ta buɗe. Ƙaguwar ta ɗan tsaya kamar mai shawara, sa'an nan ta sulale a karkace, ta yi ƙasa, tana ƙanƙancewa har koren ruwan ya haɗiye ta.

"A sa wa bututun raga," in ji Narelle.

"Wannan kuma ku da kamfaninku," in ji Maureen, tana tayar da inji. "Ku zo mu koma, na bar shayi a wuta, kuma ba wanda zai bar nan bai ci kawa ba."