Yaran da Aka Kulle a Saman Bene

Makarantar Ustaz Bakri tana cikin wani tsohon bene a unguwar Ard al-Liwa, 'ya'yan 'yan gudun hijirar Sudan ne suka cika ta. Duk shekara kwamitin duba makarantu yakan zo ya jarraba yara, ya ba makaranta daraja. Wadda ta zo ƙasa sau biyu a jere, rufe ta ake yi. Ta Bakri ta zo ƙasa bara.

Ranar da za su zo, Bakri ya tsame yaran da karatu bai zauna musu ba, ya sa ƙanensa Munzir ya tura su ɗakin ajiya a saman bene, ya datse da kwaɗo. Rufin kwano ne, ga rana ta buɗe.

Rilwanu, ɗalibin jami'a ɗan Gusau mai koyar da lissafi a makarantar, yana cikin aji ya ji ana dukan ƙofa daga sama. Ya ajiye alli ya hau.

"Malam, Safa ta faɗi! Numfashinta na sarƙewa!" wata yarinya ta ƙwalla daga ciki.

Munzir ya tare ƙofar. "Koma ajinka, ɗan Najeriya. Saura kaɗan su tafi."

"Ba ni makullin."

Munzir ya kai masa naushi a baki. Rilwanu ya tofar da jini, ya rungumo shi, suka faɗa jikin tankin ruwa. Munzir ya wawuro guntun ƙarfe ya sauke masa a goshi. Jini ya rufe masa ido ɗaya. Rilwanu ya murɗe hannun nan har ƙarfen ya faɗi, ya gwara kan Munzir da bango, sannan ya ɗauki ƙarfen ya yi ta dukan kwaɗon har ya ɓalle.

Yaran suka fito suna kuka, sharkaf da gumi. Rilwanu ya saɓi Safa a kafaɗa ya sauko, jininsa na ɗiga a hijabinta. A matakala ya yi kiciɓis da Bakri da 'yan kwamitin.

"Yaran ina ne waɗannan?" in ji shugabarsu, Ustaza Eman.

"Na maƙwabta ne, ustaza," Bakri ya ce.

"'Yan ajina ne," in ji Rilwanu, ya ture Bakri ya wuce.

Safa ta farfaɗo a asibiti, aka ɗinke wa Rilwanu goshi. Kafin wata ya fita aka rufe makarantar. Mahaifiyar Safa, Mawada, ta buɗe masa falonta yana koyar da yaran da yamma. Wasu iyayen kuwa, da 'ya'yansu suka rasa wurin karatu, har sallamarsa suka daina amsawa.