Ƙwayoyin Cikin Tsoho Rabten

Tun da aka sauko da shanu daga tsauni, cikin Tsoho Rabten ya ƙi abinci. Ko ɗan garin sha'ir ya dama da shayi, sai kumburi da gyatsa mai tsami. Amchi, mai maganin ƙauyenmu, ya haɗa masa ƙwayoyi na 'ya'yan rumman da ƙonannen farin dutse, aka kai gidan sufaye, babban lama, malamin addinin Buddha, ya yi musu addu'a. Ƙwayoyi na raguwa, tsoho na ramewa.

'Yarsa Palkyi, wadda ko inuwarta ba ta yarda da ita ba, ta ɗauki fitsarinsa na safe ta kai wa amchi. Ya juya shi da tsinke a farin kwano, ya duba kumfar.

"Wannan cikin bai taɓa ganin maganina ba," in ji shi.

Shi ke nan, an ba mai kaza kai. Dama Palkyi na hararar Yangdol, matar ƙanenta, wadda ke ba tsohon magani.

"Ke, ina kike kai su? Gidanku?"

"Haba Yaya! Kullum a tafin hannunsa nake sawa."

"To iska ke shanyewa ke nan."

Ni kaina da ke maƙwabtaka da su na zargi Yangdol, don shirunta ya yi yawa.

Washegari da safe Palkyi ta laɓe bayan tulin busasshen kashin shanu, tana leƙe ta taga. Yangdol ta kawo ruwan zafi, ta sa masa ƙwaya a hannu, ta fita tatsa. Tsoho ya ɗora ƙwayar a goshi, ya buɗe 'yar batta ta azurfa da ke rataye a wuyansa, ya jefa ta ciki.

Palkyi ta faɗo ɗakin ta fizge battar. Cike take.

"Baba! Mu muna ta cin naman juna, ashe kai ne?"

"Abin da lama ya yi wa addu'a zan tura cikin da zai kai shi masai? Na ranar barin duniya ne. A sa min a baki."

"Ai ranar kake jawowa!"

"Uwarku ta tafi bakinta wayam," ya ce. "Ina kallo, ba ni da ko ɗaya."

Palkyi ta sa hannu cikin battar. Ta murƙushe ɗaya a ruwan, ta kai masa baki. Tsoho ya datse haƙora.